Tafsiri a Kantar Ƙasa

Talata: Dutse zuwa Kiyawa

Ladanin unguwarmu ta Limawa bai gama kiran sallar farko ba na riga na ɗaure jakata. Maigida ya leƙo da buta a hannu, ya dubi sama, ya ce, "Hajiya, hadarin nan na gabas bai yi mini ba. Wai ƙungiyar nan taku ba maza ne a cikinta?"

Na ce, "Akwai su, Malam. Shugabanmu ƙafarsa na ciwo, sakatare zai kai motarsa gareji, ma'aji kuma surukinsa zai zo. Ni ce kaɗai Allah bai ba uzuri ba."

Ga abin da ya fitar da ni, don 'yan ƙungiyar da ba su zo taron da ya wuce ba. Ɗaliban da ke karanta aikin laburare a kwaleji an rarraba su garuruwa su yi horon sanin makamar aiki, kuma lakcaransu, Malam Auwalu, zai tara su a Kafin Hausa ranar Alhamis. Ya ba reshenmu na ma'aikatan laburare dama mu je mu gaya musu ko mu su wane ne. Dole a je, domin in ka shigo taronmu yanzu furfura kawai za ka gani.

Sai dai a wannan taron ne shugaba ya rage murya ya ba mu wani labari. A wani gari na ƙasar Buji, wanda ba zan faɗi sunansa ba, an garƙame ɗakin karatun da mutanen gari suka gina da kansu. Ana cewa ɗalibar da aka tura can ta wulaƙanta littattafan addini. Shekara guda ke nan da ƙaddamar da shari'a, kowa ya san nauyin wannan magana a kan 'ya mace. In aka koro ta, shekararta ta karatu ta tafi, sunanta ma ya tafi. Shugaba ya ce mini, "Hajiya, ki miƙe Kafin Hausa kawai. Yarinyar ba 'yar ƙungiya ba ce tukuna." Na ce masa na ji. Ban ce masa na yarda ba.

Ina idar da asuba na taka zuwa tasha, don yanzu ɗan acaɓa in ya ga mace sai ya kau da kai. Na samu hayis mai zuwa Kiyawa, mata a baya maza a gaba. Kwandasta ya ce in miƙo jakata a ɗaure a sama. Na ce takardu ne da dabino, ga hadari, a cinyata za ta zauna. Ya ce, "Inna, kin cika rigima da sassafe." Na ce, "Ɗan nan, ai ban fara ba."

A Shuwarin 'yan sanda suka tsayar da mu, suka leƙa, suka ga ba mace a gaba, suka ɗaga hannu. Hantsi bai yi ba muka shiga Kiyawa. Na ci waina da miyar taushe a bakin tasha, mai kyau, sai dai mai wainar tana ƙyashin mai.

Kiyawa zuwa ƙasar Buji

Motar da ta rage ita ce a-kori-kura mai ɗauke da buhunan taki. Direban, wani dogon Bafulatani, ya ce gaba ta maza ce. Na nuna masa gwiwoyina na ce su ma sun girme shi. Ya yi dariya ya sauke mutum biyun da ke gaba, ya ce da su, "Ku hau baya, uwata ce." Ni kaɗai na zauna, jakata a tsakaninmu ta zama katanga.

Hanyar ta ci ruwa. Sau biyu muka kafe, maza suka sauka suka tura. Gero ya kai ƙugu dama da hagu, shanu sun yi ƙiba. Da na faɗi inda za ni, direba ya ce, "Wajen 'yar bokon nan da ta sa tafsiri a ƙasa?" Na ce, "Ka gani da idonka?" Ya ce a'a, a kasuwa ya ji. Na ce to ya riƙe bakinsa ya riƙe sitiyari.

Ana kiran azahar muka isa. Ɗakin karatun ɗaki ɗaya ne na siminti kusa da masallacin Juma'a, da ƙaton kwaɗo a ƙofa. Ɗalibar, Sa'adatu, na same ta a gidan wata tsohuwar ungozoma da ta ba ta masauki. Siririya ce, idonta ya faɗa. Ko ƙofar gida ta daina leƙawa.

Na ce, "'Yar nan, share hawayen, ba kuka na zo saurare ba. Me kika yi?"

Ta ce, "Mama, wallahi abin da aka koya mana na yi."

Ta samu littattafan a jibge cikin kwalaye. Ta ba kowanne lambarsa yadda tsarin aikinmu ya ce, ta jera daga kantar sama ta hannun hagu tana gangarowa. Ku da kuke wannan aikin kun san inda za a kwana. Littattafan Musulunci lambarsu ɗari biyu da casa'in da bakwai ce, kuma a kabad ɗin farko wannan lambar ta faɗo daidai kantar ƙarshe, tafin hannu ɗaya tsakaninta da daɓe. Tafsiri da hadisi da fiƙihu duk suka sauka can. A samansu kuwa, cikin na ɗari da wani abu, akwai wani littafin Turanci na duban tafin hannu da ya zo cikin kwalin kyauta.

Na ce, "A gidanku ina ake ajiye Alƙur'ani?"

Ta ce, "A saman sif, ba a ɗora komai a kansa."

"To?"

"Mama, Malam Auwalu ya ce duk wadda ta karya jeri ta faɗi. Zai zo dubawa."

Ban yi mata faɗa ba. Yarinya ce da aka ba umarni biyu, ta bi na wanda ke riƙe da sakamakonta.

Ƙofar gidan Alaramma

Makullin yana hannun Alaramma, mai babbar makarantar allo ta garin, kuma dattijon kwamitin da ke kula da ɗakin karatun. Bayan la'asar na ɗebi dabinon Dutse a ƙwarya na tafi. Na yi sallama, aka ce in shiga cikin gida wajen mata, za a kai masa saƙona. Na ce saƙona ba ya tafiya a bakin wani. Na tsaya a rana a ƙofar zaure, mayafina har ƙasa. Ni da na shiga ajin yaƙi da jahilci da goyon ɗana na biyar, na zauna jarrabawa benci ɗaya da sa'o'in 'yata ta fari suna ƙunshe dariya, tsayuwa a ƙofar zaure ba za ta kashe ni ba.

Da ya ga ba ni da niyyar tafiya, ya sa aka shimfiɗa mini tabarma a gindin darbejiya, shi ya zauna kan buzunsa daga nesa kaɗan. Gajeren tsoho ne mai sanyin murya. Na durƙusa na gaishe shi yadda ya kamata.

Ya ce, "Hajiya, ni na sa aka gina ɗakin nan. Tafsirin da ke ciki na mahaifina ne, ni na bayar. Na shiga duba wata mas'ala, sai da na durƙusa har ƙasa kafin na gan shi. Ga wani saurayi zaune a kujera ya miƙe ƙafafu, tafin ƙafarsa na kallon littafin. Na ɗaga kai, ga littafin bokaye a bisansa. Na yi wa yarinyar magana, ta ce mini lamba ce ta kai shi can, ba za ta iya ɗagawa ba. Lamba!"

Na ce, "Allah gafarta Malam, a nan gaskiyarka ce, ba ragi. Ni ma da na gani da gabana ya faɗi."

Ya gyara zama, ya ɗauka na zo ba da haƙuri ne.

Na ce, "Amma ina da tambaya. Yanzu tafsirin yana ina?"

Ya ce, "Yana ciki mana. Na kulle."

"A wace kanta?"

Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Allah gafarta Malam, yarinya ta sa shi a ƙasa bisa rashin sani. Kai ka san komai, ka sa masa kwaɗo ka bar shi a ƙasan, cikin damina, daɓe na tsattsafo da ruwa, gara na yawo. Ita ake zagi a kasuwa. Wa zai gaya maka naka?"

Wani magidanci da ke gefensa ya taso, "Ke Hajiya, san da wa kike magana!" Na ce na sani sarai, shi ya sa ban aiko yaro ba. Alaramma ya ɗaga masa hannu. Ya dubi ƙasa ya ce, "Innalillahi." Ya laluba aljihu, ya ce a kira yarinyar.

Da aka buɗe ƙofa warin sanyi ya buge mu. Gara ta riga ta fara gininta a ƙafar kabad, saura kaɗan ta kai. Bangon juzu'i biyu ya kumbura. Sa'adatu ta yi alwala, ta kwashe su ɗaya bayan ɗaya ta ɗora kan tebur, Alaramma na karɓa yana shafawa da hannun riga. 

Da daddare ungozoma ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Sa'adatu ta ci har da ƙari.

Laraba: katako ɗaya, sai Jahun, sai Kafin Hausa

Da safe na sa aka kira kafinta. Ya kafa doguwar kanta a bangon gabas, sama da duk kabad ɗin da ke ɗakin. Muka jera littattafan addini a kai, kowanne da lambarsa a gadon bayansa, ko ɗaya ba mu canza ba. A gurbinsu na ƙasa Sa'adatu ta manna kwali ta rubuta cewa masu wannan lamba suna sama, bangon gabas. Na taɓa jin wata abokiyar aikinmu ta faɗi wannan dabara a taron ƙungiya, ana shan lemo. A aji ban taɓa jin ta ba.

Alaramma ya zo ya duba, ya gyaɗa kai, amma ya mayar da kwaɗonsa. Ya ce, "In malaminta ya zo ya ce a sauke fa? Sai na ji daga gare shi." Ban yi musu ba, tambayarsa tana kan hanya.

Muka bi a-kori-kurar jiya ni da Sa'adatu zuwa Kiyawa. Direba ya kalle ta ta madubi ya ce, "Ita ce?" Na ce, "Ita ce. Tafsiri yana sama, ka kai wannan ma kasuwa tunda kai ne gidan rediyo."

Daga Kiyawa muka samu tasi zuwa Jahun, mu huɗu mata a baya kamar an danna kayan wanki a kwando. A Jahun ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, muka fake a rumfar mai shayi har ya ɗauke, muka yi azahar a gidan wata mai saida fura. Furarta ta fi ta Dutse, ku yi haƙuri. Motar Kafin Hausa ba ta cika ba sai bayan la'asar. Duk hanya Sa'adatu na murza bakin mayafinta.

Ta ce, "Mama, Malam Auwalu ba ya son a yi masa gardama a gaban ɗalibai."

Na ce, "Ni ba ɗalibarsa ba ce."

Muka sauka gidan wata ƙawata malamar firamare. Ta soya mana kifi, sauro kuma ya ci rabonsa a jikinmu.

Alhamis: Kafin Hausa

A wani ajin makarantar sakandare aka taru. Ɗaliban sun cika ajin, maza ta taga mata ta ƙofa. Malam Auwalu matashi ne mai tsabta, da biro uku a aljihu, kuma na ga alama ya san aikinsa. Ya gabatar da ni da Turanci mai tsawo. Shugabanmu ma ya ba ni jawabin Turanci shafi huɗu in karanta. Yana nan cikin jakata har yau, wanda ke so ya zo ya karɓa.

Na ce musu da Hausa sunana Hajiya Tabawa, daga reshen ƙungiyar ma'aikatan laburare, na zo in ce su shigo tun suna ɗalibai. Ban rufe baki ba wani mai tsayin wuya daga baya ya ɗaga hannu.

"Hajiya, ƙungiyar nan tana ba da aiki?"

Na ce, "Ba ta bayarwa."

"Tana ƙara maki?"

"Ko ɗigo."

"To me take bayarwa?"

Na ce, "Ni take bayarwa. Tsohuwa mai ciwon gwiwa da baki, wadda za ta hau motar taki ta zo ranar da gari ya juya maka baya."

Suka fashe da dariya. Na bari suka gama, sannan na ba su labarin kantar ƙasa tun daga farko har kafinta. Dariya ta ɗauke. Malam Auwalu ya miƙe.

Ya ce, "Hajiya, da girmamawa, tsarin nan duk duniya shi ake bi. In kowane gari zai jera yadda ya ga dama, ba laburare ke nan ba. Sa'adatu ta karya jeri."

Na ce, "Malam, lamba nawa ta canza?"

"Ba maganar lamba ba ce kawai, jeri..."

"Ko ɗaya ba ta canza ba. Katako ne ya tashi. Mai neman littafi zai same shi, ga kwali na nuna masa hanya. Kwanakin da jerin ke daidai, wa ya samu littafi a ɗakin? Gara."

Ya ce, "Ba haka yake a manhaja ba."

Na ce, "Wanda ya tsara lambobin nan bai taɓa zama a gidan da uwa ke mare ka don ka ɗora littafin lissafi a kan izu ba. Ba laifinsa ba ne. Kai ka zauna, ni ma na zauna. Ka koya musu rabin aiki ka tura su garuruwan mutane, sauran rabin wa zai koya musu?"

Fuskarsa ta ɗaure. Na ga zai kafe don kada ya ji kunya a gaban yara, kuma in ya kafe Sa'adatu ce za ta biya. Na fara tunanin ko bakina ya yi mini yawa. Sai na ji kujera ta motsa ta wajen mata.

Sa'adatu ce. Ta miƙe ta ce, "Malam, don Allah ina da tambaya ga 'yan ajinmu. Duk wanda littattafan addini suka faɗo masa a kantar ƙasa ko ta kusa da ita, ya ɗaga hannu."

Sai wata ta ɗaga. Sai wani. Sai hannuwa suka yi ta tashi, har da mai tsayin wuyan nan. Malam Auwalu ya bi su da kallo, ya ce da shi, "Kai ma?" Ya ce, "Malam, nawa ma bakin ƙofa suke, inda ake tuɓe takalma. Liman bai shigo ba ne kawai tukuna."

Malam Auwalu ya zauna. Ya cire biro ɗaya, ya mayar. Ya ce, "Kowa ya koma ya gyara kafin sallar Juma'a. Ku bar lamba yadda take, ku sa alama a gurbin." Ya juyo wajen Sa'adatu, "Ki gaya wa Alaramma ba zan sauke ba. Zan zo in gaishe shi da kaina. Horonki yana nan."

Na ce, "Saura ɗaya, Malam. Kai ɗan ƙungiya ne, rabonka da taro tun ina ɗaliba. Ka zo na gaba, mu rubuta wannan a raba wa kowane laburare a jihar nan." Ya ce, "Hajiya, ke ba a gama biyanki ne?" Na ce ba a gamawa.

Fiye da rabinsu suka shiga ƙungiyar a ranar. Wasu suka ce sai sun yi shawara, na ce su yi, ba a dole. Mai tsayin wuya ya ce shi sai ya ga an fara ba da aiki, amma ya bi ni har tasha yana tambayar tsawon katakon da kafinta ya yanka.

Juma'a: komawa

Mun kwana a Kiyawa gidan 'yar ƙanwata saboda motar Buji ta riga ta tashi. Da hantsi muka isa garin. Sa'adatu ta durƙusa ta isar da saƙon malaminta da bakinta. Alaramma ya taso da sandarsa muka bi shi. Ya buɗe kwaɗon, ya tuɓe takalmi, ya shiga ya tsaya gaban bangon gabas. Ya ce mas'alar nan da ya zo dubawa tun ranar har yau bai duba ba. Ya miƙa hannu. Bai kai ba. Ya yi ɗage, bai kai ba.

Na juya baya ina tari, don kada a ce na yi wa malami dariya.

Ya ce, "Hajiya, kafintanku ya wuce gona da iri."

Na ce, "Allah gafarta Malam, kai ka ce sama."

Ya waiga ya dubi Sa'adatu. Ya ce, "'Yata, kina da alwala?" Ta ce tana da ita. Ya ce, "Miƙo mini juzu'i na uku." Ta jawo benci ta hau, ta sauko da shi da hannu biyu. Ya karɓa, ya zauna ya buɗe. Can ya laluba aljihu ba tare da ya ɗago kai ba, ya ajiye makullin a kan teburinta.

Na bar su a haka. Na samu motar masu zuwa Juma'a har Kiyawa, daga nan hayis zuwa Dutse. Kwandastan nan na ranar Talata ne. Ya ce, "Inna, kin gama rigimar?" Na ce ta wannan makon dai. Ana kiran magariba na shiga Limawa, maigida na zaune a ƙofar gida. Ya dubi taɓon da ke zanena ya ce, "An ci nasara ke nan, tunda ba ki gaishe ni da faɗa ba."

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa ungozomar da ta riƙe 'yar mutane lokacin da gari ke nuna ta da baki, da direban a-kori-kura da ya ce ni uwarsa ce, da ƙawata mai kifi. Na gode wa Alaramma da Malam Auwalu, don an gaya musu gaskiya a gaban mutane sun ɗauka, kuma na san ba daɗi. Shugabanmu kuwa, Allah ya ba ƙafarsa lafiya. Sai dai ya zo taro na gaba da wuri, domin kujerar da ke kusa da tawa a sahun gaba na riga na yi wa Sa'adatu alƙawarinta.